Gonar da Aka Hana Kala

An yi wani mutum a wani ƙauye da ke tsakanin Bici da Dawakin Tofa. Ba zan kama sunansa ba, domin yana da 'ya'ya, kuma 'ya'yan ba su yi wa kowa laifi ba. Alhaji ake ce masa, mu ma sai mu ce masa Alhaji.

Ƙauyen irin namu ne, inda gona ke manne da gona. Babu daji, babu saura. Duk inda ka sa ƙafa akwai mai shi. Wanda bai gaji ƙasa ba a irin wannan wuri, sai ƙwadago, sai haƙuri.

Mahaifin Alhaji ne ke da gonar gyaɗa mafi girma a garin, kuma yana da wata ɗabi'a. Idan kaka ta yi ana tugar gyaɗa, sai ya bi ma'aikata yana ce musu kada su ƙwaƙule ƙasa. Abin da ya biyo saiwa a ɗauka, abin da ya tsinke ya zauna a ƙasa a bar shi. Da an kwashe amfani, sai matan da ba su da ƙarfi su shiga da 'yan fartanyoyinsu su yi kala, su tone ragowar, kowace abin da ta samu nata ne. Shi kuwa tsohon, muddin ana kala ba ya taka hanyar gonar. Ko kasuwa za shi, zagaye yake yi ta bayan maƙabarta. Ya ce ba ya so wata ta ɗago kai ta gan shi, ya zame mata dole ta durƙusa ta yi godiya.

Shekara arba'in yana haka, ba a taɓa kiran abin da sunan sadaka ba. Kala ce kawai. Mace ta fita da sassafe, ta dawo da yamma bayanta na ciwo, ƙwaryarta cike, kanta a sama, domin guminta ta ci.

Cikin masu kalar akwai Hussaina. Mijinta Yahya ya rasu a hatsarin mota kan hanyar Kano, ya bar ta da 'ya'ya uku, ƙaramar tana goye. Gonar da ta zo wa yaran gado ba ta fi a shimfiɗa tabarma goma ba. Hussaina ba mai yawan magana ba ce, kuma ba ta iya roƙo ba. Kalar mako biyun nan ita ce jarinta na shekara. Ta ɓare gyaɗar, ta soya, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza ƙuliƙuli ta sayar, ta sayi wata gyaɗar, haka har wata kakar ta zagayo. Da wannan take ciyar da marayunta, babu wanda ya taɓa jin cikin gidanta.

Sai tsohon ya rasu. Alhaji ya dawo daga Kano inda yake da shagunan hatsi, ya karɓi gonar, ya kuma buɗe gidauniyar taimakon gajiyayyu da sunansa. Aka yi murna. Wa zai ƙi mai taimako?

Ran da aka gama kwashe gyaɗar shekarar, mata suka fito da fartanyoyinsu kamar kullum. Suka tarar an zagaye gonar da shingen ƙarfe mai ƙaya. A bakin ƙofa ga Yuguda, dattijon da ya shekara talatin yana kula wa marigayi da gona, yana tsaye ya rasa inda zai sa idonsa.

Inna Fadima, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa tana kala kuma ta fi kowa barkwanci, ta ce, "Yuguda, yau kuma gyaɗar ce ta yi laifi aka kai ta gidan yari?"

Aka yi dariya, amma Yuguda bai yi ba. Kafin ya buɗe baki motar Alhaji ta tsaya. Ya fito cikin farar shadda, ya ɗaga hannu.

"Iyayena, daga yau kun huta. Babu matar garin nan da za ta ƙara tonon ƙasa kamar kaza. Ni zan ciyar da ku, a ƙofar gidana, a buhu."

Wasu suka rangaɗa guɗa. Inna Fadima ta ce, "To Allah ya saka, ɗan nan. Amma ta cikin ƙasar fa? Ɓeraye ma suna cikin gidauniyar ne?"

Alhaji ya yi murmushi kawai. Mata suka juya. Hussaina ta tsaya bayan wata dalbejiya tana gyara goyo, saboda haka ita kaɗai ta ji abin da ya biyo baya.

Yuguda ya ce, "Alhaji, ka bar musu. Ba ta rage ka da komai, ruɓewa za ta yi. Marigayi bai taɓa hanawa ba."

Alhaji ya ce, "Baba Yuguda, shekara arba'in mahaifina yana ciyar da garin nan. Wa ya sani? Ko a rediyo an taɓa faɗa? Ni ina da manyan mutane a birni da suke ba ni hatsi in raba, kuma sai sun ga jama'a suke bayarwa. Wadda ta ƙoshi ba ta zuwa layi."

Ya 'yan uwa, ku sake karanta wannan magana. Wadda ta ƙoshi ba ta zuwa layi. Mutumin nan ba yunwa yake so ya kashe ba. Yunwa yake so ya noma, domin ya sami abin nunawa.

Hussaina ta koma gida da ƙwarya wayam. Ba ta faɗa wa kowa ba. Wa zai yarda da bazawara a kan mai gidauniya?

Shekarar ta yi mata tsawo. Da babu jari, tukunyar ƙuliƙuli ta kife. Ta koma surfe a gidajen mutane, ana ba ta dusa da ɗan tsaki. Ta yi wankau har tafin hannunta ya tsage. Da bazara ta sayar da akuyarta. Da damina ta faɗi ta sayar da gadon ƙarfen da aka kawo ta da shi, ta koma tabarma tare da yaran. Sau biyu ana shelar rabon Alhaji, sau biyu tana rufe ƙofarta.

Sai aka shiga tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba. Babbar 'yarta Zakiyya ta kwanta da zazzaɓi. Mai magani ya ce kada a ba ta ƙwayar sai ta ci abinci. Hussaina ta duba ɗakinta sama da ƙasa, babu abin da za a kira abinci. A ranar aka yi shelar rabo na uku. Ta daɗe zaune riƙe da mayafinta. Sannan ta yafa shi, ta ja shi har kan hanci, ta fita.

Tun hantsi aka jera su a rana a ƙofar gidan Alhaji, ba a fara ba sai bayan azahar, domin ana jiran mai ɗaukar hoto daga birni. Shinkafar a cikin 'yan ƙananan buhuna take, kowanne da fuskar Alhaji a jiki. Inna Fadima tana gabanta a layi, ta waiwayo ta raɗa mata, "Hussaina, hoton ma ya fi shinkafar nauyi. Ko shi za mu dafa?"

Da layi ya zo kan Inna Fadima, aka ce ta riƙe buhun da hannu biyu. Aka tambaye ta ina mijinta. Ta ce ya rasu. Aka tambaye ta yaya ya rasu, me ya ce mata a ƙarshe. Aka yi ta tambaya har tsohuwar da ta saba sa mutane dariya ta fashe da kuka. A daidai nan mai hoton ya ce, "Yauwa! Wannan ya yi."

Aka kira Hussaina. Alhaji ya miƙo buhu, ta kama, amma bai saki ba.

Mai hoto ya ce, "Baiwar Allah, ɗan ja mayafin baya, fuskar ba ta fito ba."

Alhaji ya ce, "Faɗa musu, kwana nawa ba a ɗora tukunya a gidanki ba?"

Ta ce, "Su wa zan faɗa wa, Alhaji?"

"Duniya mana."

Hussaina ta ji nauyin shinkafar a hannunta. Ta tuna Zakiyya kwance, leɓɓanta sun bushe. Kalma biyu kawai ake so, da ɗan jan mayafi. Me zai rage ta? Amma ta tuna maganar da ta ji a bayan dalbejiya, ta gane cewa ita ce amfanin gonar da aka shuka tun ranar.

Ta ce, "Wanda ya kamata ya sani ya sani." Ta saki buhun.

Alhaji ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Ku ga ikon Allah! Girman kai da yunwa!"

Ta ce, "Yunwata ce, Alhaji. Ba ta sayarwa ba ce."

Ta ratsa layin ta fita. A hanya ta tsaya bakin burtali ta tsinki ganyen tafasa cike da gefen zaninta. Tana shiga gida Zakiyya ta ɗago kai ta ce, "Umma, ina shinkafar?" Hussaina ta nufi murhu. Ta hura wuta, ta dafa tafasar, ta kwaɗa da ɗan ƙanzon da maƙwabciya ta miƙo mata ta kan katanga. Tana ba yarinyar a baki tana tambayar kanta ko ta yi daidai. Kwana uku tana wannan tambayar, har Allah ya sa zazzaɓin ya sauka.

Kada wanda ya ƙoshi ya zargi waɗanda suka karɓa a ranar. Ba su yi laifi ba. Mai laifi shi ne wanda ya sa uwa ta zaɓa tsakanin cikin ɗanta da fuskarta.

Bayan mako biyu aka kafa wani ƙaton allo a mararraba, inda hanyar ƙauyen ta haɗu da kwalta. A jiki ga Inna Fadima, bakinta buɗe cikin kuka, hawaye a kumatu, hannu biyu riƙe da buhu. Sama da ita ga Alhaji yana murmushi. Duk motar da ta fito Kano sai ta gani. Yara suka fara kiranta tsohuwar allo. A kasuwa wani ya ce mata ta zama 'yar fim. Tsohuwar ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki. Hussaina ta je gaishe ta, ta tarar da ita ta juya fuska jikin bango.

Ta ce, "Hussaina, shekara saba'in ban yi kuka a gaban maza ba. Yanzu kullum ina yi a bakin titi, dare da rana."

Ɗanta Mika'ilu, wanda shi ke tara wa manoma 'yan ƙwadago idan aiki ya taso, ya je har gida ya durƙusa ya roƙi Alhaji ya sauke allon. Alhaji ya ce, "Ran da ta ci shinkafata ai ban gan ka ba."

Mika'ilu ya tashi ya kaɗe gwiwarsa ya tafi. Ba a yi taro ba, ba a yi shela ba. Amma maganar ta shiga kowane gida.

A wannan shekarar Alhaji ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya ji masu matsar mai a birni suna neman gyaɗa ido rufe, sai ya sayar da shagunansa, ya sayi gonakin da ke maƙwabtaka da tasa, ya zuba musu gyaɗa gaba ɗaya. Sabon iri ya shuka, mai saurin nuna. Kowane manomi ya san halin wannan iri: ba ya jira. Idan ya nuna ya ji danshi, tsirowa yake yi, ko a cikin ƙasa ko a kan ƙasa. Gyaɗar kuwa ta yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba.

Lokacin tuga ya yi. Yuguda ya je wurin Mika'ilu. Mika'ilu ya ce, "Baba, duk an ɗauke mu." Ya je wurin wasu, kowa ya ce an ɗauke shi. Wa zai sunkuya a gonar mutumin da ya rataye uwar gari a bakin titi?

Alhaji ya ce kuɗi ke aiki. Amma duk ƙasar lokaci ɗaya take tugar gyaɗa, kowane hannu da inda ya yi alkawari. Da ƙyar ya samo mota guda ta samari daga birni, waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba. Suka yi ta fizga da ƙarfi, rabi ya biyo su, rabi ya tsinke a ƙasa. Kwana huɗu suka ce bayansu ya gaji, suka karɓi nasu suka tafi. Suka bar gyaɗar zube a fili, tuli tuli, tana jiran masu tsinke ta daga jikin harawa. Wannan kuwa aikin mata ne, kuma matan da suka iya shi su ne masu kala.

Babu wadda ta fito.

Ranar Laraba iska ta juya. Zafi ya sauko mai nauyi, irin wanda tsofaffi ke duban gabas idan sun ji shi. Ranar Alhamis da hantsi gefen sama ya fara duhu. Kowa ya ruga gonarsa yana tattara abin da ya shanya. Yuguda ya bi gida gida yana sallama, ya ce an ninka lada. Ya dawo ya ce an ninka sau uku. Duk inda ya je amsa ɗaya ce: a tambayi Hussaina. Tun ran da ta saki buhun nan mata suke duban ƙafarta, ita ba ta ma sani ba.

Da azahar Hussaina tana kwashe shanya ta ji sallama. Ta leƙo zaure ta ga Alhaji da kansa, babu hula, gumi ya jiƙa masa riga. Bayansa sama ta yi baƙi ƙirin, iska na kaɗa karan dawa.

Ya ce, "Hussaina, ki yi wa Allah ki yi wa mata magana. Duk abin da na mallaka yana zube a filin nan. Faɗi abin da kike so."

Ta san abin da ladan nan zai yi mata. Zai dawo da akuya, zai dawo da gado, zai tayar da tukunyar ƙuliƙuli. Kuma ita mai son gyaɗa ce, ta san wahalar kowace ƙwaya, zuciyarta ba ta ɗaukar a ce ruwa ya ci wannan abincin. Tun da safe kwandonta yana bakin ƙofa.

Ta ce, "Ba sai ka ninka komai ba. Abu biyu ne. Ka buɗe shinge a yi kala kamar zamanin mahaifinka. Ka aika a sauke hoton Inna Fadima yanzu. Kafin la'asar mata hamsin suna gonarka, maza kuma su kwashe abin da aka tsinka su kai rumfa."

Ya ce, "Shinge an buɗe. Na yarda."

"Allon fa?"

Aka yi wata tsawa can nesa.

Ya ce, "Jibi Asabar baƙina za su zo daga birni da tirelar hatsi. Ta mararraba za su shigo. Shi za su fara gani. Ki bari su zo su tafi, ran Lahadi da hannuna zan sauke."

"Alhaji, dubi sama."

"Na gani! Kwana biyu kawai na ce. Tsohuwar da ta yi wata biyu a kai, kwana biyu ne zai kashe ta?"

Hussaina ta dube shi. Ta ga ba wasa yake yi ba. Ga dukiyarsa duka a gefe guda, ga allo a gefe guda, kuma ya kasa sakin allon.

Ta ce, "To ni ba ni da bakin da zan je in ce wa Inna ta ƙara kwana biyu."

Ya ce, "Za ki yi da-na-sani. Ke da 'ya'yanki sai kun zo kuna roƙona!"

Ya shiga mota ya ja. Hussaina ta ɗauki kwandonta ta mayar ɗaki. Ba a yi kiran la'asar ba ruwa ya sauko.

Ya 'yan uwa, ruwan bankwana yakan yi sa'a guda ya wuce. Wannan ya kwana yana zuba, ya ɗauke, ya dawo ranar Juma'a. Hussaina tana zaune bakin ƙofar ɗaki tana kallonsa, hawaye na bin fuskarta. Zakiyya ta ce, "Umma, Alhaji kike tausayi?" Ta ce, "Gyaɗar nake tausayi. Abincin mutane ne."

Ranar Asabar rana ta fito da zafi. Harawar ta yi baƙi, tulin gyaɗar ya ɗau zafi daga ciki, fumfuna ta rufe shi, wari ya cika hanya. Baƙi suka iso da tirelarsu. Suka ga allo a mararraba, suka wuce ta gefen gonar suna toshe hanci. A ƙofar gidan Alhaji an kafa rumfa, an jera kujeru, mai hoto ya shirya. Babu layi. Ko mace ɗaya ba ta zo ba.

Babban cikin baƙin, wani dattijon ɗan kasuwa, ya zauna ya jira har rana ta take. Sannan ya kira Yuguda gefe ya ce, "Malam, garin nan babu mabukata ne?"

Yuguda ya ce, "Akwai su, ranka ya daɗe. Bana ma sun fi kullum yawa." Ya kwashe labari tun daga shinge har allo ya faɗa masa, bai rage ba bai ƙara ba.

Dattijon ya daɗe kansa a sunkuye. Ya ce, "Ashe da hatsinmu aka yi wannan. Mu ma da laifinmu, da muka ce sai mun ga hoto." Ya sa aka juya tirelar zuwa gidan liman, aka sauke, ya ce a bi mutane da shi har gida, kada a ce daga wa ya fito. A kan hanyarsu ta fita ya tsaya a mararraba, bai tafi ba sai da aka sauke allon a gabansa. Bai yi wa Alhaji sallama ba.

Bayan mako guda gonar ta yi kore shar. Duk gyaɗar da ta tsinke a ƙasa ta tsiro, layi layi, a lokacin da babu sauran ruwan da zai raya ta. Mutane suka riƙa tsayawa bakin shinge suna kallo. Kwana goma ta bushe.

Daga nan abin ya yi sauri. Abin da aka tsinta daga tulin, masu matsar mai suka buɗe buhu ɗaya suka ce ko dabba ba za a ba ba. Manyan birni suka janye hannunsu daga gidauniya. Shaguna dama sun tafi. Ya sayar da gonakin da ya saya, sannan motar, sannan gonar gado yanki yanki. Masu cika masa zaure suna kirari suka ɗauke ƙafa. Ina mai hoto? Ina masu guɗa? Kafin wata damina jininsa ya hau, ya faɗi a banɗaki, aka ɗauko shi rabin jiki ya mutu, baki ya karkace. Aka kwantar da shi a tsohon zauren mahaifinsa. Matarsa ta yi iya yinta, amma gidan da babu rumbu babu shago, me za ta ɗora?

Wata rana bayan magariba matar ta fito ta tarar da kwano a rufe a bakin zaure, tuwo da miya da zafinsu. Babu kowa. Kashegari wani kwanon daban. Haka kullum. Ta wanke ta ajiye a inda ta gani, da safe babu shi.

Ba a shirya abin ba, kamar yadda ba a shirya ƙaurace wa gonarsa ba. Inna Fadima ce ta fara, sauran suka bi. Ran da Hussaina ta ga ya kamata ita ma ta kai, ta zuba tuwon ta rufe, ta zauna tana kallon kwanon har ya fara hucewa. Ba ta manta ba. Har yanzu idan ta tuna tsayuwar da ta yi a layin nan, sai ranta ya ɓaci. Ta ce a ranta, ba don shi ba. Ta ɗauka, ta bi ta bayan gari, ta ajiye a bakin zauren a hankali don kada murfin ya yi ƙara.

Tana juyawa ta ji muryarsa daga ciki, a karkace, da ƙyar ake ganewa. "Wane ne? Don Allah wane ne? Ku tsaya in gode."

Ta ja mayafinta ta ƙara sauri.

Har yau yana nan kwance, yana ci daga hannun da bai sani ba. Duk wanda ya shiga gaishe shi sai ya tambaye shi masu kawo abincin, babu mai faɗa masa.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce na hana bayarwa. Ku bayar, ku ƙara. Garuruwanmu cike suke da marayu da marasa lafiya, kuma da ba don masu hali ba, da wahalar ta fi haka. Tirelar dattijon nan ta raya gidaje da yawa a shekarar. Amma kafin ka miƙa hannu, tsaya ka tambayi zuciyarka: don wa? Idan babu mai gani, za ka bayar? Idan wanda ka ba ya wuce ka gobe bai gaishe ka ba, ranka zai ɓaci? Idan aka ce yau babu sauran mabukaci a garinku, murna za ka yi, ko za ka ji an ƙwace maka wani abu?

Allah ya hane mu ɓata sadaka da gori da cutarwa. Talaka ba ciki kaɗai yake da shi ba, yana da fuska, yana da 'ya'yan da ke kallonsa. Duk wanda ya karɓi mutuncin mutum ya ba shi mudun shinkafa, ciniki ya yi, kuma ya yi zalunci a cinikin. Ya riga ya karɓi nasa a nan, kada ya sa ran komai a can.

Allah ya ba mu abin bayarwa, ya ba mu zuciyar da za ta bayar ta manta. Allah ya rufa asirin duk wadda ta kwana da yunwa ba ta faɗa ba. Shi kuma wannan bawa, Allah ya sa ciwonsa ya zame masa kaffara. Allah ya kiyaye mu daga aikin da za mu yi don idon mutane, mu tashi ranar gobe hannu wayam. Amin.